Robar Ultra Pro da nake tura katunan besbol a ciki

Katin besbol na farko, irin mai hoton ɗan wasa da ake tarawa, da na saya daga hannun wani ta intanet, a farin ambulan ya iso mini, an naɗe shi da takarda kawai. Da na buɗe, kusurwarsa ta sama ta dakushe. Raina ya ɓaci sosai, don na daɗe ina neman wannan kati. Wanda ba ya harkar zai ce ai ba wani abu ba ne, amma masu tantance kati irin su PSA maki suke bayarwa daga 1 zuwa 10, kuma kusurwa ɗaya ta isa ta sauko da makin, kuɗin katin ya bi shi ƙasa. Tun ranar na ƙudura cewa duk katin da zai fita daga hannuna a Amurka, sai ya isa kamar yadda na ɗauke shi.

Abin da na tsaya a kai shi ne robar nan mai tauri ta kamfanin Ultra Pro da ake kira toploader, mai inci 3 da inci 4. Katin besbol na yau da kullum inci 2.5 ne da 3.5, girman da kamfanin buga kati na Topps ya tsayar tun 1957, saboda haka yana zama cikinta daram. Robar garau take, kana ganin gaba da bayan kati ba sai ka fito da shi ba, kuma ba ta lanƙwasa da sauƙi. Sai dai kada ka zura kati tsirara a cikinta. Ka fara sa shi a 'yar siririyar leda mai laushi, ita ce ke hana fuskarsa karcewa, sannan ka tura su tare a hankali.

Kauri ma abin lura ne. Robar katin da aka saba da shi ita ce mai lambar kauri 35. Katunan da ake manna musu ƙyallen rigar ɗan wasa sun fi kauri, su sai mai 100 ko 130. In ka ji kati yana turjewa, tsaya, ba tasa ba ce.

Bakinta na sama a buɗe yake, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Suna toshe shi da salatif na yau da kullum, gam ɗin ya maƙale, mai karɓa ya yi ta fama har ya sa almakashi kusa da katin. Ni shuɗin tef na masu fenti nake sawa, ɗan guntu, in ninke ƙarshensa ya zama kunne da za a kama a ja. Yana ɓarewa ba ya barin tabo. Daga nan sai in matse robar tsakanin kwali biyu da suka ɗan fi ta faɗi, in sa a ambulan mai kumfar leda a ciki. Ina girgiza shi kusa da kunnena kafin in rufe. In na ji motsi, sai in sake.

Katin da bai wuce dala 20 ba, tsarin ambulan na eBay, kasuwar intanet, ya wadatar, yana da lambar bin sawu. Mai tsada kuwa ta Ground Advantage na gidan wayar Amurka nake tura shi, tun da aka fara shi a 2023, don yana ɗauke da inshorar dala 100. Idan kuma wurin tantancewa katin zai je, ba toploader nake sawa ba, PSA sun fi son robar da ke ɗan lanƙwasa irin Card Saver.

A bayan ambulan ɗin adireshi kawai nake rubutawa, ba na ambaton abin da ke ciki.