Wace takardar tantance rashin abinci mai gina jiki ta dace da sashen farfaɗo da majinyata?

Wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, aikin da ke gabansa na tsoka ne: tashi, tsayuwa, takawa. In jiki bai samu abin gina tsokar ba, gashi da motsa jiki ba za su kai ko'ina ba, kwanciyar asibiti kuma ta yi ta tsawo. Shi ya sa ake tantance majinyaci tun shigowarsa. Takardun tantancewar da suka yi fice guda huɗu ne, ana kiransu MST, MUST, MNA-SF da NRS-2002, kuma kyauta ake amfani da su a asibiti, don haka abin dubawa shi ne wa zai cike, wa kuma za a auna.

MST ta fi sauƙi. An fito da ita a Ostireliya a 1999, tambaya biyu ce kawai: ka rame ba da niyya ba, kilo nawa? Cin abincinka ya ragu saboda rashin sha'awarsa? Maki 2 ko fiye, akwai haɗari. Ba sikeli, ba lissafi, ko ɗan uwan da ke jinya zai iya amsawa. Rauninta a nan yake: wanda maganarsa ta sarƙe ko tunaninsa ya rikice, in ba mai amsa masa, takardar ta tashi aiki.

MUST ta BAPEN ce, ƙungiyar masana ciyar da majinyata ta Birtaniya, tun 2003. Tana haɗa BMI, wato nauyi gwargwadon tsawo, da ramar wata uku zuwa shida da suka wuce, da ko ciwo ya hana mutum ci fiye da kwana biyar. A rubuce ta fi tsari, amma a wannan sashe tana ba da wahala. Yaya za a auna tsawon wanda ba ya iya tsayuwa? Akwai dabarar ƙiyasta shi daga tsawon ƙashin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, sai dai tana son horo. Kumburin ƙafa yana ƙara nauyin ƙarya, wanda aka yanke wa ƙafa kuma lissafinsa daban. Abin da ya fi damuna shi ne mai jiki: tsokarsa na zagwanyewa a ƙarƙashin kitse, BMI ɗinsa na nuna lafiya lau.

MNA-SF don 'yan shekara 65 zuwa sama aka yi ta. Tambaya shida, maki 14: 12 zuwa 14 ba matsala, 8 zuwa 11 haɗari, 7 zuwa ƙasa rashin ya riga ya kama. Gyaran 2009 ya ba da damar auna kaurin sha-raɓa maimakon BMI, ƙasa da santimita 31 yana rage maki, kuma wannan babban sauƙi ne ga na kwance. Sai dai tana rage maki kan rashin iya tafiya da ciwon da aka yi cikin wata uku, alhali kusan duk wanda ke sashen yana da biyun. Za ta kamo mutane da yawa, har da waɗanda ba su da matsalar, aiki ya taru wa masanin abinci.

NRS-2002 ta fi dacewa da ɗakin masu ciwo mai tsanani, domin har da nauyin cutar take aunawa. A nan ba zan sa ta gaba ba.

Zaɓina: sashen da ke da manya da matasa da ƙarancin ma'aikata ya ɗauki MST. In akasari tsofaffi ne kuma akwai masanin abinci a kusa, MNA-SF. MUST sai inda ake da sikelin kujera da ma'aikatan da suka iya ta.

Ko wacce aka ɗauka, haɗari kawai take nunawa. Tabbatarwa sai da cikakken bincike irin SGA, wato duba tarihin majinyaci da jikinsa, ko ƙa'idojin GLIM da masana na duniya suka amince da su, kuma kada a dogara da awon albumin, wani furotin da ke cikin jini, domin kumburin ciwo ma yana saukar da shi. A maimaita awon duk mako, sannan mai shanyewar ɓarin jiki a duba haɗiyarsa daban, don babu takardar da za ta gano yana ƙwarewa in yana ci.