Wasiƙa ga Yaya: Burtalin Mutane a Bakin Tekun Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da iyali duka. Ka tambaye ni a waya, ban da aiki da tsadar haya, me muke mora a ƙasar nan. To ga abu guda da na gani da idona.

Asabar ɗin da ta wuce na ɗebi maman yara da yaran biyu zuwa wani wurin shaƙatawa a bakin tekun Ingila, muka hau jirgin ƙasa a tashar Victoria ta Landan, muka canja a Lewes, muka sauka Seaford. Daga nan bas mai lamba 12, wadda ke kaiwa da komowa tsakanin Brighton da Eastbourne, ta ajiye mu a Exceat. Jirgin ne ya ci kuɗi. Bas kuwa ba ta wuce fam 3 ga babba ba, don gwamnati ta ƙayyade. Shiga wurin kyauta ne, babu mai tsare ka a ƙofa ya yanka maka tikiti.

Seven Sisters ake ce wa wurin, wato 'yan'uwa mata bakwai: tuddai ne na alli, farare fat, jere a gaɓar teku kamar an yanka su da wuƙa. Ga mai iyali akwai shimfiɗaɗɗiyar hanya, kusan kilomita 2, da ke bin kogin Cuckmere har bakin ruwa, ko da keken jarirai za ka tura lafiya lau. Masu ƙarfin gwiwa kuma suna bin saman tuddan, hawa da gangara, su wuce Birling Gap su kai Beachy Head mai tsayin mita 162. Wannan yankin na hanyar South Downs Way ne, mai mil 100, daga Winchester zuwa Eastbourne. Mun hau biyu daga cikin tuddan muka juyo saboda ƙaramar. A galibin bakin tuddan babu shinge, allin kuma yana zaftarewa ba sanarwa, shi ya sa ban saki hannunta ba ko sau ɗaya. Zaizayar ce ma ta sa a 1999 aka tura tsohuwar hasumiyar fitilar haska wa jiragen ruwa ta Belle Tout baya da mita 17, ginin ɗungurungum.

Abin da ya tsaya mini a rai, Yaya, wani ɗan ƙyaure ne. Na katako, yana lilo cikin ɗan keji, mutum ɗaya zai shiga ya tura ya fita, tunkiya kuwa ba ta iyawa. A jikin ginshiƙin an manna kibiya mai ruwan ɗorawa, alamar hanyar 'yan ƙafa. Muka ratsa ta tsakiyar tumaki suna kiwo, ko ɗaga kai ba su yi ba. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai mil 140,000, da yawansu ta cikin gonakin mutane suka bi, kuma doka ta hana mai gona toshe su. In ya yi huɗa ya shafe hanyar, kwana 14 gare shi ya maido da ita. Ba da daɗin rai masu filaye suka saki ba. A 1932 ma'aikata daga Manchester da kewaye suka kutsa tudun Kinder Scout, inda masu filin suka hana shiga, da gangan, aka ɗaure wasunsu, sai a 1949 da 2000 aka yi dokokin da suka buɗe karkara ga talaka.

Ina tsaye nan sai burtalin bayan gonarmu ya faɗo mini. Ka tuna faɗinsa muna yara, garke guda ya wuce bai taɓa dawar kowa ba? Zuwana na ƙarshe na tarar an cinye shi taku-taku, kowa ya ƙara kunya biyu. Dabarar muna da ita tun kaka da kakanni. Abin da suka fi mu shi ne sun zana kowace hanya a taswirar hukuma, kuma akwai ofishin ƙaramar hukuma da za ka kai ƙara a saurare ka. Wallahi abin ya sosa mini rai, don na san rigingimun da toshe burtali ya jawo mana.

Ta fannin ciki kuwa gida ya fi nesa ba kusa ba. Ka yi tafiyar awa guda ba mai fura, ba mai gyaɗa, ba mai shayi a gindin bishiya. Shagon da muka samu, kofin shayi ya haura fam 3, abincin kuma sanyi ƙalau, sai ka yi ta karanta takardar jiki don gudun naman alade. Dambun naman da Hajiya ta aiko shi ya rufa mana asiri. Banɗaki dai akwai, mai tsabta, a nan na yi alwala, muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa muka yi Azahar, iska na kaɗa gefenta har sai da babban ya danne da jaka.

Kaya biyu ba makawa: takalmi mai ƙaƙƙarfan ƙasa da rigar ruwa, don sama kan juya cikin minti goma. Sababbi suna da tsada, na samo namu a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji.

Don Allah in ka shiga ƙauye ka duba mini iyakar gonarmu ta ɓangaren burtali. In mu ma mun ci, a ja baya kafin shukar bana. A gaida Hajiya ƙwarai, a ce mata dambun ya kusa ƙarewa.