Giyar DAF mai 16: ra'ayina ga masu shirin sayen kan mota

Masu tambayata ko su sayi kan DAF Beljiyam, wato wadda aka yi amfani da ita a waje, ko su tsaya ga mota mai giya goma, ga amsata a kan giya kawai, ban taɓo maganar inji ko taya ba. Ni dai DAF XF 95 nake ja, albasa nake ɗauka daga Aliero, wani lokaci shinkafa daga Argungu, in bi Jega, Koko, Yawuri har Kwantagora in miƙe kudu, to duk abin da zan faɗa a kan wagga hanya na gan shi.

Giyabos ɗin da ke cikinta ba DAF suka ƙera ba, na kamfanin ZF ne na Jamus, ita motar kuma 'yar Holan ce. Mutane in suka ji giya 16 sai su tsorata, alhali ramukan gaba huɗu ne kacal a sandar. Akwai makunni a gaban kan sandar, shi ne lo da hai, ka gama 1 zuwa 4 ka ɗaga shi ka sake bin ramukan nan su zama 5 zuwa 8, sannan akwai wani ƙarami a gefe wanda ke raba kowace giya biyu, shi muke cewa haf. Takwas sau biyu ke nan. Ribas ma biyu gare ta.

Haf ɗin nan shi ne kuɗinka wallahi. Kana hawa da lodi cike, inji ya fara nishi, a mota mai giya goma dole ka sauke giya guda cur, kafin ta ci mota ta riga ta mutu maka a hannu sai ka sake saukewa, amma nan ɗan yatsa kawai za ka taɓa makunnin ka taka kuloci har ƙasa ka saki, ba ka ma motsa sanda ba, allurar inji ta ɗan tashi ta zauna cikin koren wurin nan na agogo ka ci gaba da tafiyarka. Zaman allura a kore shi ne sauƙin shan gas, kuma da tsadar gas ta yanzu ba sai na yi wa kowa bayani ba. In babu kaya ko ba na bi ta kan haf, tsallake nake yi abina.

Abu na biyu tana da laushi, don akwai sinkuro a ciki, zoben da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga, ba sai ka yi dabul kuloci kana buga totur a firi, wato mota ba ta cikin giya, kamar yadda iyayen gidanmu suka koya a tsoffin Mack ba. Direban da ya kwana yana tuƙi ya san darajar wannan a gwiwarsa ta hagu.

To amma fa tana da sharaɗi, iska. Lo da hai da haf duk iska ke tura su, in ka tayar da mota da asuba ka ja ba ka jira agogon iska ya cika ba za ka ji sanda ta yi tauri, ko ka ɗaga hai ta ƙi shiga ka tsaya a firi tsakiyar titi masu mashin na zaginka. Kuma a riƙa zubar da ruwan tankin iska, yaran mota na yanzu sai ka yi ta faɗa kamar kana roƙonsu, ruwan nan shi ke bi ya ci bawul. Kar kuma a maida ita lo mota na gudu, sinkuron lo da hai ne zai lalace. Masu sakin mota a firi a gangare don wai tsimin mai kuwa, Allah ya shirye ku, birki kaɗai ba ya riƙe tirela mai lodi.

Wani abin da da yawa ba su sani ba, in ta lalace za a ja ta da wata mota a kwance furofela tukuna, dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayun baya, don in inji ba ya aiki man giya ba ya zagayawa, kafin ku kai gareji an ƙone abin da lafiyarsa lau.

Inda take da ciwo shi ne aljihu. Kayanta na asali da tsada, kuma ba ko'ina ba, sau da yawa sai an aika Kano ko Legas. Akwai wani mai kayan gyara da ya taɓa sayar mini da zoben sinkuro ya rantse na asali ne, ba a jima ba giya ta 3 ta koma ƙara, kuɗin sauke giyabos ya tashi sau biyu. Makanikin da ya iya buɗe ta ya maida daidai ma ba kowane gari ba ne, a nan HOWO, motar nan ta China, ta fi ta, don kayanta sun cika kasuwa kuma kusan duk gareji an san cikinta.

In kai za ka ja da kanka, ko kana da direba mai haƙuri kuma doguwar hanya kuke yi, saye ta Alhaji. In ko yashi da dutse za a riƙa kwasa cikin Birnin Kebbi kana canza direba duk wata, nemi mai giya goma. Kuma kafin ka biya a ɗora mata kaya a gwada haf a kowace giya, don a tsaye ko wadda ta gaji shiga take yi sumul.