Ƙofar zuciya ta tsuke: a buɗe ƙirji ko a bi ta cinya?

Jama'a abin da mutane ba sa ganewa, idan bawul ɗin aorta, wato ƙofar da jini ke bi ya fita daga zuciya zuwa babbar jijiyar jiki, ya tsuke zuciya kaya biyu take ɗauka, ga ƙofa ta matse ga jijiyoyin jini sun yi tauri saboda tsufa da hawan jini, sai naman zuciya ya yi kauri, dattijo ya taka 'yan matakala yana haki ko ya yanke jiki ya faɗi. Ƙofar da ya kamata ta kai murabba'in santimita 3 zuwa 4 ta koma ƙasa da 1.

Tiyatar buɗe ƙirji, ana tsaga ƙashi a cire tsohon bawul a ɗinka sabo, jinya ta makonni ce, in na ƙarfe aka sa kuma sai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, har ƙarshen rayuwa, amma bawul ɗin yana daɗewa sosai, shi ya sa ya fi dacewa da masu sauran ƙarfi, kamar matasanmu da ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata musu bawul.

TAVI kuwa, wato saka sabon bawul ba tare da buɗe ƙirji ba, wanda Alain Cribier ya fara a Rouen ta Faransa a 2002, ta jijiyar cinya ake zura bawul ɗin, kwana kaɗan an sallami mutum. Sai dai in jijiyar ta ƙanƙance hanya ta toshe, ga tsada, wasu kuma sai an sa musu batirin zuciya.

Ni dai ga tsoho ɗan 80 TAVI zan zaɓa. Amma duka biyun ƙofa kawai suke gyarawa, taurin jijiya yana nan, wasu ma jininsu hawa yake bayan aikin, dole a ci gaba da awo da shan magani.