Shirin ban tsoro ko na ƙagaggen kimiyya: da wanne za a fara?

Wani ɗan'uwanmu daga Garwa ya ce ƙungiyarsu ta samu fili a wata ƙaramar tashar talabijin ta gari, amma kuɗin hannunsu bai taka kara ya karya ba, shi ne yake tambaya ko da shirin ban tsoro za su fara ko da na ƙagaggen kimiyya.

Malam, shawarata ku fara da na tsoro, domin duhu yana rufa wa talaucin shiri asiri. Kango ɗaya, fitilar hannu da aka haska daga ƙarƙashin haɓa, da ɗan wasan da ya iya zare ido, sun isa. Idan ana so aljani ya ɓace, sai a kafe kyamara, a tsayar da ɗauka, ɗan wasan ya fice, a ci gaba. Dabarar da mai shirya fim Georges Méliès ya yi suna da ita ke nan a Faransa tun kafin shekarar 1900. Jini kuwa, zobo mai kauri da sukari ya wadatar. Inda za ku kashe kuɗi shi ne sauti, domin kukan ƙofa ko takun sawu a tsakar gida yana tayar da tsikar jiki fiye da dodon da aka nuna ƙiri-ƙiri, wanda sau da yawa dariya yake ba yara. Sai dai a taka sannu wajen taɓa al'amarin aljanu da ruƙiyya, kuma a nemi a sa shirin bayan sallar isha'i.

Shi kuwa ƙagaggen kimiyya tona asiri yake yi, saboda komai nasa a fili ake gani. Koren ƙyallen da ake rataya bayan ɗan wasa don a musanya shi da wani hoto a kwamfuta yana buƙatar haske daidai wa daida, in ba haka ba gefen kan ɗan wasa ya yi kore. Manhajar Blender ta ƙera hotuna masu motsi a kwamfuta kyauta ce, amma kwamfuta mai rauni tana iya kwana tana haɗa daƙiƙu kaɗan, tunda kowace daƙiƙa hotuna 25 ce, balle idan wuta ta ɗauke. Abin da kuka fi wasu shi ne ƙasa: duwatsun Rumsiki da ke arewacin Kamaru a cikin hazon hunturu sai ka rantse wata duniya ce, kodayake kai ma'aikata can ma sefa ce. Idan kun nace, ku rubuta labarin da ba ya buƙatar jirgin sama jannati, misali rediyon da ke kamo labaran gobe a shagon wani mai gyara.