Shagon hayar rakoda da kamara na wajen Terminus, ga masu bincike a cikin jama'a

In kana mastas ko digiri na uku kuma aikinka irin na shiga cikin mutane ne, ka zauna da su ka ga yadda suke rayuwa, akwai wani shago a Jos can wajen Terminus, a saman bene, suna bada hayar rakoda da kamara, in kana so su haɗa ka da yaro ya bi ka ya ɗauka, ka dawo kuma su rubuta maka hirar. Ni na yi aiki da su a binciken da nake kan 'yan gwari na kasuwar Farin Gada, yadda ake yanke kuɗin kwandon tumatir tsakanin manomi da dillali da mai saye. Kayansu masu kyau ne, hannunsu a ɗauka ba laifi, amma fa asalinsu masu ɗaukar biki ne kuma halin bikin nan yana bin su har cikin aikin bincike.

Masu kamara dama ba sa wahalar samu a garin nan, hukumar fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1979 nan hedkwatarta take, ga makarantar koyon fim, duk lungu akwai mai edita. Wanda zai gane cewa ba kyau kake nema ba shine wahala.

Rakodar da suka ba ni Zoom H1n ce, 'yar ƙarama mai batir biyu irin na rimot, tana ɗauka a memori, kuma mai shagon da kansa ya saita min ita a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, yace kar in yarda in maida MP3 don in samu fili, gara in ƙara memori. Sun haɗa min da abin sawa a kunne, da ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, da hular gashin nan da ake rufe bakin rakoda da ita. Hular nan kar ka raina ta wallahi, duk wanda ya san iskar Jos da hunturu ya san in babu ita abin da za ka dawo da shi fuuu ne kawai. Batir na ƙari ma sun sa min a jaka ban roƙa ba. Katin makaranta za ka ajiye musu kafin ka fita da kaya.

Yaron da suka haɗa ni da shi yana da tarbiyya gaskiya. Farin Gada da sassafe ake sauke kaya, in rana ta ɗaga an gama babban ciniki, kuma bai taɓa sa ni jira ba duk sanyin nan. Da muka je wajen shugabannin 'yan gwari neman izini kamararsa na cikin jaka har aka gama gaisuwa, in mace ta kau da fuska shi ma sai ya sauke. Sai dai da an fara ɗauka sai biki ya motsa masa, ka ji yana "Alhaji ɗan gyara hula, juyo nan wajen haske", ko ya je ya jera kwanduna ya ture masu laushi gefe. Sai da nace ƙanena bar su yadda ka same su, mai laushin nan shi ake faɗa a kai. Ya ji, amma sai kana tuna masa.

Inda muka samu saɓani sosai wajen edita ne. Na dawo karɓar aiki na tarar an share hayaniyar kasuwa kaf, hon ɗin motoci, ihun 'yan dako masu neman hanya, rediyon mai shayi, duk an danne, an kuma ɗora wani kiɗa mai sanyi a ƙasa. Kamar ka aiki yaro ya sayo maka tsire ya karkaɗe yajin a hanya don kar ya ɓata maka riga. Abin da ya sa na damu, cinikin kwando ba da ihu ake gama shi ba, ihun na farko ne kawai, mai saye ya taya a ce masa albarka, ya ƙara a sake cewa albarka, sannan dillali ya matso ya rage murya, a yi shiru na ɗan lokaci kafin a ji na sallama. To wannan rage muryar da shirun su nake bi, kuma manhajar share hayaniya ba ta san bambancin raɗa da ƙarar mota ba, ta haɗiye su tare. Mai shagon yace "Malam ai na ɗauka taimakonka na yi, surutun ya yi yawa." Na yarda da zuciya ɗaya ya yi. Allah ya taimaka bai goge asalin fayil ɗin ba, ya kwafa min shi nan take ba musu.

Maganar kiɗan nan tsohuwa ce a wannan fanni. Jean Rouch, Bafaranshen da ya kwashe shekaru yana ɗaukar fim a Nijar har ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, a shekarun 1950 ya koma garin Ayorou a Nijar ya haska wa Sorkawa, masunta na bakin kogi, fim ɗin farautar dorina da ya ɗauke su, suka ce masa kiɗan da ya sa bai dace ba, farautar dorina shiru take so, kiɗa ƙarfin zuciya zai ƙara wa dorinar. Daga nan ya riƙe al'adar maida wa mutane hotonsu su gani su gyara. Na ba mai shagon labarin ya yi dariya yace to dorinar Farin Gada ma a bar ta ba kiɗa. A nan kuma sun kyauta min, suka ara min laftof da 'yar sifika na kai kasuwa, 'yan gwari suka kewaye suna kallon kansu, wannan yace ka ga inda ya taɓa kwando da ƙafa ai ya riga ya raina kayan, wancan yace wannan ai yaron wane ne, shi ya sa bai sa baki ba. Abin da ba za su faɗa maka a hira ba, da sun ga hoto bakinsu ya buɗe.

Na kuma roƙi wasu 'yan dako su ɗauki hoton abin da su suke ganin shine aikinsu da wayoyinsu, irin hanyar da Caroline Wang da Mary Ann Burris suka yi da matan karkara a Yunnan ta ƙasar Sin a shekarun 1990. Gammo suka ɗauko, da laka, da inda suke miƙe baya in an gama lodi. Shagon ya wanke min su a takarda mai kauri, kala ta fito tas. Yaron ne ma ya nuna musu su turo a WhatsApp a matsayin fayil, don in ka tura kai tsaye yana matse hoton.

Warin tumatir ɗin da ya kwana da santsin ƙasa kam ba na'urar da ke ɗauka, littafinka da biro ne.

Rubutun hira shine mafi rauni a aikinsu. Hausar Farin Gada gauraye take, mutum zai fara da Hausa ya tsallaka buroka ya jefa kalmar yarensa ya dawo, su kuma sai su gyara komai ya koma Hausar littafin makaranta, inda ba su gane ba su rubuta surutu su wuce, kuma ba sa sa minti balle ka koma ka duba. Ƙarshe a ELAN na sake yi da kaina, manhaja ce ta kyauta daga cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan, tana ɗaure kowane layi da daidai inda aka faɗe shi a sauti ko bidiyo. Tana cin lokaci kam amma ka san abin da ke hannunka.

Sai maganar sirri. Fayil ɗina na gan shi a kwamfuta ɗaya da bidiyon kamun amarya, duk yaron da ya zauna zai iya buɗewa, alhali a ciki mutane na maganar la'ada da bashin da ake bin su, kuma na yi musu alkawari ba mai ji. Ga dokar kare bayanan mutane ta 2023, kai mai binciken za a fara tambaya. Na sa an goge a gabana, mai shagon bai ji haushi ba, amma ba shi ya fara tunanin ba.

Kuɗinsu da sauƙi in ka gwada da na ɗaukar biki, ɗalibi ana rage masa in ya yi magana, kuma suna da sola don haka ɗauke wuta ba ya tsayar da aiki. Haya da ɗauka da wanke hoto ka je kai tsaye, ka dai ce asalin fayil kake so kar a taɓa. Ƙarshen mako kamarorin duk suna wajen biki, ka kama tun Talata ko Laraba.