Gargaɗi ga kafintoci kan mai tallan samfefar ruwa mai araha a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa kafintoci, masu sassaƙa, da duk wanda yake wasa ƙarfensa da samfefa. Akwai wani mai talla da ke yawo a shafukan sada zumunta da zaurukanmu na WhatsApp, yana cewa ya shigo da samfefar ruwa 'yar asali daga Turai, tun daga lamba 400 har 2000 (lambar na hawa, samfefar na ƙara laushi), yana sayarwa ƙasa da rabin farashin kasuwa. Kada kowa ya tura masa kuɗi. Kayan jabu ne. Ya riga ya cuci mutanen layinmu, kuma na tabbata ba mu kaɗai ba ne.

Ba zan kama suna ba, domin sunan da ke kan shafin daban, wanda ke kan asusun banki daban, kuma shafin kansa sauya masa suna yake yi. In na kama suna, wataƙila wani bawan Allah da aka yi amfani da asusunsa bai sani ba zan ɓata. Salon nasa ne ba ya canzawa, shi ya kamata ku riƙe.

Tallan yana zuwa da bidiyo. Za ka ga hannu ya shimfiɗa baƙar samfefa a kan gilashi, ya yayyafa ruwa, ya goga cizal sau kaɗan, sai a nuno bakin yana ƙyalli, a aske gashin hannu da shi. Bidiyon ba ƙarya ba ne, ana yin hakan, ni ma haka nake wasa cizal da ƙarfen filen ɗina, wato abin da muke kankare katako da shi ya yi sumul. Sai dai ba a taɓa nuna fuskar mai hannun, ba a nuna shago, ba a jin muryarsa. In ka yi masa magana, bakinsa zaƙi: "Maigida, ragowar kwantena ce, so nake na kaɗar na mai da kuɗi." In ka ce za ka zo shago ka gani, sai ya ce kayan suna sito a wani gari, ka tura kuɗi ya ba direba a tasha.

Inda ya fi wayo shi ne ba ya cuta a cinikin farko. Wani abokin sana'armu ya gwada sayen falle kaɗan, aka kawo masa, kuma masu kyau ne ƙwarai. Ya nuna wa mutane, kowa ya taɓa ya yaba. Daga nan mai tallan ya ce in an haɗu an sayi kwali guda zai ƙara ragi. Aka haɗa kuɗi, har da yaran shago da suka zuba ɗan abin da suke tarawa don su mallaki kayan aikin kansu. Kwali ya iso a naɗe tsaf da salatif. Kowane fakiti, fallen sama da na ƙasa na gaske ne, na tsakiya kuwa shara. Wannan shi ne ainihin algus ɗin da Manzon Allah (SAW) ya hana, lokacin da ya cusa hannu cikin tulin abincin wani ɗan kasuwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, busasshe a sama.

Na ga kayan da idona. Mun ɗebi ruwa a roba, muka tsoma falle ɗaya daga na sama da ɗaya daga na tsakiya. Kafin mu gama gaisawa da wani mai karɓar aiki, na tsakiyar ya kumbura ya saki, kamar burodin da aka manta cikin shayi. Ruwan ya yi duhu, tsakuwar da ke jikin takardar ta kwanta a gindin roba, tawadar lambar da ke bayansa ta bi yatsa. Na saman kuwa yana nan yadda yake, ya ɗan lanƙwashe kawai, ka girgije shi ka ci gaba da aiki. Samfefar ruwa ta gaske takardarta da gam ɗinta an yi su ne don zama cikin ruwa. Masu fentin mota ma jiƙa ta suke yi kafin su fara, don ta yi laushi ta bi jikin mota. Tun 1921 kamfanin 3M na Amurka ya fara fitar da irinta, kuma masu fentin mota ne suka fara cin moriyarta. Abin da ya shekara ɗari a hannun mutane ba a yi wa kafinta ƙarya a kansa a ce "ai haka sabon samfurin yake".

Abu na biyu ya fi ɓata mini rai, don shi ba ya fitowa sai ka ɗora ƙarfe. Mun jera wanda aka rubuta wa 800, da 1200, da 2000, muka shafa da yatsa ido a rufe. Babu bambanci. Takarda ɗaya ce aka yanka aka buga wa lambobi daban-daban, kuma laushinta bai wuce na 400 ba. Wani yaro ya riga ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana wasa sabon cizal ɗinsa, yana mamakin me ya sa bayan cizal ɗin bai yi ƙyalli ba. Da na karɓa na karkata shi a rana, duk zane ne, wasu masu zurfi har farce yana kama su. Dalili shi ne tsakuwar ba a tace ta ba, akwai manya a cikin ƙanana. Duk zanen da ya kai bakin cizal giɓi ne, ko da ido bai gani ba. In ka sa shi a kan katako mai laushi irin obece ta wajen yanka, maimakon ya yanke sai ya murƙushe. In maɗaci ko iroko ne, zai bar maka layi a jikin aiki. Yaron ya ɗauka hannunsa ne bai iya ba, har ya fara jin kunyar maigidansa. Wannan ɓarnar ba a lissafa ta cikin kuɗin da aka tura.

Da aka kira mai kayan aka gaya masa, ya zo da wata magana da na ke so kowa ya fahimce ta, don da ita yake rufe bakin mutane. Cewa ya yi lambar tasa ta Amurka ce, ba ta Turai ba, shi ya sa aka ji ta fi kaushi. Gaskiya ne akwai ma'auni biyu. Na Turai shi ne mai harafin P a gaban lamba, irin P400 ko P1200, wanda ƙungiyar masu ƙera kayan gurza ta Turai, FEPA, ta tsara. Na Amurka ba ya ɗauke da P. A ƙananan lambobi, har zuwa wajen 220, kusan ɗaya suke, daga nan sai su rabu. To amma rabuwar tasu ba ta goyi bayansa ba, ƙaryata shi ta yi. Lamba 600 ta Amurka ita ce kusan daidai da P1200. Ma'ana, in har tasa 1200 ta Amurka ce, kamata ya yi ta fi P1200 laushi nesa ba kusa ba. Ƙwayar tsakuwar P400 tana da girman maikiron 35, ta P1200 kusan 15, ta P2000 kusan 10, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Tsakanin 35 da 10 yatsan kafinta ba ya ɓata. Ban da haka, a tallansa cewa ya yi kayan Turai ne, to yaushe suka koma na Amurka?

Ita kanta tsakuwar abin dubawa ce. Samfefar ruwa da muka saba da ita da silikon kabayid ake yin ta, shi ya sa take baƙa ko toka mai duhu, tana ɗan walƙiya in haske ya buge ta. Ya fi ƙarfen cizal tauri sosai, don haka yake cin sa da sauri, kuma za ka ji sautin cin yana fita tsaf, ruwan yana yin baƙi da garin ƙarfe. Wannan tasa ko me aka barbaɗa mata aka rina, ba ta cin ƙarfe, ita ƙarfen ke ci. Goga biyu uku sai ka ga farar takarda ta leƙo.

Kada a fahimce ni da cewa duk mai araha jabu ce. A'a. Akwai samfefar Koriya da ta Sin masu sauƙin kuɗi da suke aiki lafiya lau, ina amfani da su, kuma ba kowa ke da halin sayen Mirka ta Finland ko Klingspor ta Jamus ba. Dalilin da ya sa yawancinmu muka koma wasa ƙarfe da samfefa ke nan tun farko: dutsen washi mai laushi na waje ya yi tsada, shi kuwa dutsen inji in ka yi sake sai ya ƙona bakin ƙarfe ya yi shuɗi ya daina riƙe kaifi. Da guntun gilashi mai kauri ko tayil mai santsi da falle huɗu, yaro zai fitar da kaifin da zai shiga ramin ƙofa ba tare da ya fasa gefe ba. Neman sauƙi ba laifi ba ne. Abin da nake jan kunne a kai shi ne cinikin biri a sama. Mai arahar gaskiya yana rubuta sunansa a bayan takarda, kuma yana da shagon da za ka koma gobe.

Akwai wata ƙaryar a cikin tallan da ya kamata ta tsayar da duk wanda ya taɓa aikin nan. Wai falle ɗaya yana shekara. Ko wadda ta fi kowace kyau a duniya ba ta yin haka a kan ƙarfe. Tsakuwar silikon kabayid farfashewa take yi tana ƙara laushi, musamman in kana daidaita bayan sabon cizal ko ƙarfen filen mai faɗi. Samfefa abar ƙarewa ce, kowa ya san haka. Wanda ke wasa ƙarfe kullum, in ya yi lissafin abin da yake kashewa, wata rana zai ga gara ya tara ya sayi dutse mai kyau, ya bar samfefa don gamawa.

Ga mai son saye, hanya mafi sauƙi ita ce ya bi masu fentin mota da masu gyaran jikinta. Su ne suka fi kowa cin samfefar ruwa, kuma ba sa yarda da mara kyau, don zane ɗaya a kan fenti sake aiki ne. Ka tambaye su shagon da suke saye. Wanda ke Kano ya san Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, na Kaduna ya san Panteka, kowane gari da nasa layin 'yan fenti. Ka sa mai shago ya buɗe fakiti a gabanka, kai ka zaro daga tsakiya da hannunka. Cikakken falle faɗinsa milimita 230 ne, tsawonsa 280. In ka ga an rage, ko gefen ya yi yankan almakashi, ka tambayi dalili. A juya baya a duba: sunan kamfani da lamba su maimaitu ko'ina a jere, bugu mai tsabta, ba tambari ɗaya a karkace a kusurwa ba. Ka lanƙwasa gefe ka ga ko tsakuwa na zuba. Ka sayi falle guda, ka yagi ɗan guntu ka jefa a ruwan leda, ka zagaya kasuwa ka dawo. Mai shagon kirki ba ya jin haushin wannan, wani ma shi zai miƙo maka ruwan.

In dole sai ta waya za ka saya, to a biya bayan kaya sun iso an buɗe, ko a sa wani amintacce a garin ya je ya gani. Kuma kada nasarar cinikin farko ta sa a saki jiki da na biyu, don a nan tarkon yake. Shugabannin ƙungiyoyinmu, don Allah a daina barin kowa yana jefa talla a zaure ba tare da wani sananne ya tsaya masa ba. Yaro in ya ga talla a zauren da maigidansa yake, ɗauka yake an tantance.

Waɗanda suka riga suka tura kuɗi, kada kunya ta sa su yi shiru. A adana shaidar biya, da hotunan hirar, da lambar wayar, da sunan da ya fito a asusun, kafin ya goge nasa ɓangaren. A je banki da wuri a shigar da ƙorafi a rubuce, a kai rahoto ofishin 'yan sanda. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar irin wannan ƙorafi, ita kuma SON, hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, ita ke da alhakin kayan da ba su cika ma'auni ba. Ba na yi wa kowa alƙawarin kuɗinsa zai dawo, amma ƙorafin mutum goma a kan asusu ɗaya ya fi na mutum ɗaya nauyi, don haka a haɗu a je tare. Ragowar kwalin kuma a ajiye shi a matsayin shaida. Kada wani ya ce zai rage asara ta hanyar sayar wa wani kafintan a wata unguwa, don na ji an fara wannan shawarar, kuma zalunci ne.

Yanzu ya fito da sabon salo. Yana bin waɗanda suka taɓa yi masa magana yana cewa kamfani na neman wakilai a kowace jiha, a biya kuɗin rajista a ba mutum kwali biyu bashi, har da samfefar inji da faifan yanka ƙarfe. Samari yake nufa, musamman waɗanda suka kusa yaye suna neman jari. Faifan yanka na jabu kuwa ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, fashewa yake yi a kan inji yana gudu, kuma fuska da ido yake nema. Iyayen gida, ku tara yaranku yau ku gaya musu, ku kuma tura wannan saƙon zauren 'yan walda da na masu fenti, don su ma ya fara shiga wajensu.